Ranar da Gicciye Ya Wuce Ƙofar Ermelinda

Shekarar da na cika ashirin da biyu aka ce ni zan ɗauki gicciye ranar Ista. Senhor Custódio ne ya zo har wurin fasa dutsen da nake aiki ya faɗa mini, hularsa a hannu, yana kakkaɓe wandonsa. Shi ke jagorantar zagayen gida-gida a ƙauyenmu Lameiros, tun da Fada, limamin cocinmu, ya koma riƙe ƙauyuka uku ba ya iya kaiwa ko'ina. Ya ce wanda ya saba ɗauka kafaɗarsa ta lalace, kuma an duba an ga ni ba na faɗa da kowa, ba na shan abin da ya fi ƙarfina.  Gidanmu ba gidan da ake zaɓa ba ne. Babana har ya mutu, iyakarsa da gicciye ya cire hula ya sumbata. Da na koma na faɗa wa mamata, sai da ta zauna bakin murhu ta yi kukanta, sannan ta tashi ta shiga neman wanda zai ara mini kwat da wando.

Ina da uwar baftisma, wadda muke ce wa madrinha, sunanta Ermelinda. Ita ta riƙe ni a coci ranar da aka zuba mini ruwa, ita ta saya mini takalmina na farko. Gidanta ne na ƙarshe a saman tudu. Daga mararrabar da ke bayan wurin wanki sai ka kama wata 'yar hanyar duwatsu, ka yi ta hawa kamar minti goma. Mijinta ya daɗe da mutuwa, ɗanta guda yana Faransa, sai watan Agusta ake ganinsa. Gwiwoyinta sun ƙi, idanun ma sun fara.

A wurinmu ba a tambayar kowa ko yana son gicciye ya shiga gidansa. Ƙasa ake dubawa. Wanda ya watsa furanni da ganyen ƙamshi daga bakin hanya zuwa ƙofarsa, an shiga. Wanda bai watsa ba, a kama harshen ƙararrawar da ake kaɗawa a gaban gicciye a wuce shiru, sannan a yi ta maganarsa har girbin inabi. Da yake ba a ganin ƙofar Madrinha daga ƙasa, tun daga mararraba ake fara watsa nata, a bi da su sama. Kwando biyu hanyar ke ci. Tun ina ɗan shekara goma sha biyu ni ke yi mata wannan aikin.

Ranar Lahadin Ganye, mako guda kafin Ista, na kai mata reshen zaitun kamar kowace shekara. Na tarar da ita a bakin ƙofa tana ɓare wake. Ta karɓa, ta shafa ganyen da yatsu.

"To, babban mutum," in ji ta. "An ce bana kai za ka kawo mana Ubangiji."

"Haka aka ce, Madrinha."

"Kar dai ka yar da shi. Kai da ko kwanon miya ba ka kai tebur ba tare da ka zubar ba."

"Ai wannan tun ina yaro ne."

"Yanzu kai mene ne?" Ta yi dariya har wake ya zube mata. Can ta ce, "Shekara hamsin da ɗaya ina buɗe masa ƙofar nan. Bai taɓa shigowa a hannun wani nawa ba sai bana. Furanni fa, Albano? In hidima ta yi maka yawa ka faɗa tun yanzu, in roƙi Gracinda."

Gracinda ita ce maƙwabciyarta ta ƙasa, gidan farko bayan mararraba, mace mai kirki amma bakinta ba ya hutawa.

Na ce, "Haba Madrinha. Ni da nake yi shekara goma?"

Ranar Asabar bayan cin abincin rana na hau. Akwai wata bishiyar furanni a bayan gidanta, jajaye manya-manya, babu kamarsu a duk Lameiros. Na tsinke su kaf, na haɗa da ganyen ƙamshi na cika kwandunan biyu. Ita tana ciki tana fama da tanda, gidan duk ƙamshin burodin Ista. Na ce in watsa yanzu in huta? Ta ce a'a, awakin Gracinda za su sauko da yamma su cinye, in bari sai da asuba kamar kullum. Sai na ɗauki kwandunan na sauko da su, da niyyar in ajiye a gida wurin sanyi.

Hanyata ta bi ta ƙofar Senhor Custódio. A nan ake yi wa gicciye ado. An kwantar da shi kan tebur a tsakar gida, matarsa Dona Laurinda da wasu mata biyu suna tsaye a kansa, ranta a ɓace. Ruwan da aka yi ranar Alhamis ya lalata mata furanni, duk sun yi baƙi-baƙi a gefe. Tana ɗaga kai ta gan ni.

"Albano! Allah ne ya aiko ka. Zo nan, zo nan, mu ga abin da ke cikin kwandon nan."

Na ce, "Na hanya ne, Dona Laurinda."

"Na hanya? Irin waɗannan za ka zuba a ƙasa a tattake? Kai ne fa za ka ɗauke shi gobe. So kake a ce shekarar Albano gicciye ya fito kamar an tsamo shi daga kwata?"

Matan suka yi dariya. Ni kuwa ban iya cewa a'a ba, ban taɓa iyawa ba. Ban ma faɗi ko na wa ne ba. Suka juye kwando ɗaya, suka zaɓi masu kyau daga na biyun, ganyen ma suka ce zai yi amfani a ɗaure ƙasan. Abin da ya rage bai kai a rufe bakin ƙofa ɗaya ba. Na ce a raina ba komai, da asuba in tashi in bi gefen rafi in tsinko na daji, ai su ma furanni ne.

Da asubar kuwa wandon aron ya yi mini tsawo. Mamata ta sa na hau kujera tana ɗinke ƙafar, allura a baki, tana cewa in tsaya cak. Kafin ta gama aka buga ƙararrawar coci. Sai ga Kawu Serafim a ƙofa yana kira. Shi ne mai kaɗa ƙararrawar hannu a gaban gicciye, ya haura saba'in, kuma tun kafin a haife ni yake wannan aikin.

"Ina angon? Fito mana, Almasihu ya riga ka tashi!"

Na bi shi. Duk tsawon addu'ar safe ina tunanin wanda zan aika. Ga yaran unguwa nan, ga 'yan uwana. Amma aika wani na nufin in buɗe baki in ce na ba da furannin Madrinha, kuma ban watsa komai ba. Ina ta cewa bari a gama wannan waƙar, bari a gama waccan, har aka sa mana jajayen mayafai aka miƙo mini gicciye.

Mu huɗu ne. Kawu Serafim a gaba, ni a bayansa, sai Senhor Custódio da littafinsa, sai Abílio mai riƙe bokitin ruwa mai tsarki, mutumin da in ya yi magana sau biyu a rana an ce ya yi surutu. Rana ta fito fes. Hanya duk furanni, mata sun rataya barguna masu kyau a tagogi. Kowane gida muka shiga, Senhor Custódio ya ce, "Almasihu ya tashi," su amsa, "Halleluya, halleluya," a yayyafa ruwa, ni kuma in bi su ɗaya bayan ɗaya, daga maigida har jariri, kowa ya sumbata in goge da farin ƙyalle. Sai a ja mu tebur: kek mai ƙwai, almon mai sukari (kamar gyaɗa yake), ɗan kofin ruwan inabi. Masu hali su harba roka ta fashe a sama. Ko'ina sai an yaba adon gicciye. Wata tsohuwa ta ce ba ta taɓa ganin ya yi kyau haka ba, Dona Laurinda ta iya hannu.

Wajen goma da rabi muka iso mararraba. Kawu Serafim ya riga ya juya zai kama hanyar sama, don ƙafarsa ta saba, sai ya tsaya. Duwatsu ne kawai da kashin awaki. Ya duba dama, ya duba hagu, ya kama harshen ƙararrawa.

"Ikon Allah," in ji shi. "Ermelinda ta rufe?"

Senhor Custódio ya juyo. "Albano, ba madrinharka ba ce? Me ya faru?"

Akwai mutane a bayanmu, kamar goma sha biyar, masu bin gicciye daga gidan dangi zuwa gidan dangi. Duk suka zuba mini ido. Ina sanye da kwat ɗin wani, da jan mayafi, ga gicciye a ƙirjina. Na ɗaga kai na hango hayaƙi yana fita daga bututun gidanta. Na san ta tashi tun duhu, ta shimfiɗa farin zanen tebur, ta sa 'yan kunnenta na zinariya.

Na ji bakina ya ce, "Ba ta jin daɗi. Ta ce bana a wuce ta."

"Allah sarki," in ji Senhor Custódio. Ya duba agogo. "To, mu je, dama mun makara."

Muka wuce shiru. Sai da muka kai furannin Gracinda sannan Kawu Serafim ya saki ƙararrawa. Daga can sama ana jin komai. Na sani, don na sha zama da ita muna sauraron ƙararrawar nan tana matsowa.

Gracinda ta sumbaci gicciye, ko gogewa ban gama yi ba ta fara.

"Wai me nake ji? Goggo Ermelinda ba lafiya? Jiya-jiyan nan fa na jiyo ƙamshin tandarta."

Wata daga baya ta ce, "Ciwon da ke hana mutum buɗe ƙofa ai ba na jiki ba ne. Mara lafiya shi ya fi bukatar a shigar masa."

"An ce ɗan nan nata ya shiga wata coci a Faransa."

"Ƙarya ne, fushi take da Fada tun maganar kabarin mijinta."

Gracinda ta tura mini faranti. "Ci mana, Albano, ka yi fari fat. Bari ku tafi, ni zan hau in gani da idona."

Na ɗauki kek ɗin, na mayar da shi kan faranti. Daga nan duk gidan da muka shiga, labarin ya riga mu. A wani gida ciwon zuciya ne, a wani gida ta fara ruɗewa, a wani kuma an tabbatar ta cire hoton Maryamu daga bango. Matar da ba ta taɓa fashin coci ba sai da gwiwa ta kayar da ita. Ni ina tsaye ina miƙa musu gicciye suna sumbata, ina gogewa.

Ƙarfe ɗaya muka tsaya cin abinci a gidan Senhor Custódio. Aka kwantar da gicciye kan farin zane a falo, aka kunna masa kyandir biyu. Gasasshen ɗan akuya ne da dankali da shinkafar tanda, abincin da ake ba da labarinsa shekara guda. Na zauna ina juya cokali. Kawu Serafim yana cin nasa yana leƙen nawa.

Dona Laurinda ta shigo da wani kwanon, tana cewa, "Ni dai abin Ermelinda ya tsaya mini. Tsufa kan zo da taurin kai, amma a rufe wa Ubangiji ƙofa ranar tashinsa? Ni ko a kan gadon mutuwa nake, a buɗe."

Ban shirya ba. Na dai ji na miƙe tsaye, kujera ta faɗi a bayana.

"Ba ta rufe ba."

Kowa ya tsaya da tauna.

"Lafiyarta ƙalau. Ni ne ban watsa ba. Furannin da ke jikin gicciye nata ne, su na kawo jiya. Na ce zan samo wasu da safe, ban samu dama ba. Da kuka tambaye ni, kunya ta sa na ce ba ta da lafiya. Ba ta ce a wuce ta ba. Tana can tana jira."

Dona Laurinda ta ajiye kwanon a hankali. "Wayyo ni. Yaron nan, me ya hana ka faɗa jiya?"

Senhor Custódio ya goge bakinsa, ya ninke ƙyallen, ya sake ninkewa. Mutum ne da ba ya ɗaga murya, gara ma ya ɗaga.

"Ka yi mini ƙarya da gicciye a hannunka."

"Eh."

"A kan tsohuwar da ta riƙe ka a baftisma."

"Eh, Senhor Custódio."

"Ni na je har wurin aikinku na zaɓo ka. Na ce wa Fada ga yaro mai hankali." Ya juya wurin Abílio. "Kai za ka ɗauka da yamma. A ba shi bokiti."

Kawu Serafim ya tsame ƙashi daga bakinsa. "A'a, Custódio, bar masa kayansa. In ka karɓe ai ka sauƙaƙa masa. Bari ya yi ta miƙa shi ga mutane yana kallon idonsu." Ya nuna ni da ƙashin. "Kai kuma zauna ka daina rawar jiki kamar jiƙaƙƙen kare. Tambayar ita ce, yaushe za mu hau?"

"Gida talatin da biyu suka rage," in ji Senhor Custódio. "Duk sun buɗe ƙofa suna jira. Ba zan juya da gicciye in bar su ba. Ƙarfe shida kuma Fada da dukan gari suna coci, a karɓe shi a rufe sai baɗi. In lokaci ya rage, to. In bai rage ba, ka je ka yi mata bayani da kanka."

Ban taɓa ganin zagaye irin na yammacin nan ba. Senhor Custódio yana karanta addu'a kamar ana bin sa da sanda. Kawu Serafim, mutumin da bai taɓa barin kofi da saura ba, ya shiga ƙin karɓa. A gidan farko aka yi tsammanin wasa yake. A na uku maigidan ya riƙe hannunsa ya ce, "Serafim, faɗa mini gaskiya, likita ya ce wani abu ne?"

"Likita ya ce in daina shan irin naka mai tsami," in ji shi, ya yi waje yana kaɗa ƙararrawa.

Amma ba a yi wa mutane gaggawa a ranar da suka yi mako suna wanke gida dominta. Akwai gidan da aka yi rasuwa, dole a tsaya a yi wa mamaci addu'a. Akwai kakar da sai an tashe ta zaune. Akwai yaron da ya ƙi sumbata, ya shige ƙarƙashin tebur, uwarsa ta rantse ba za mu fita ba sai an jawo shi. Kuma a kowane gida sai wani ya ce, "Yaya jikin Goggo Ermelinda?" Senhor Custódio ni yake bar wa amsar. Juyowa yake ya dube ni, ni kuma in ce, "Lafiyarta ƙalau. Ni ne na yi kuskure, ban watsa mata furanni ba." Sau nawa na faɗa, ban sani ba. Bai taɓa yin sauƙi ba.

Muka fito daga gida na ƙarshe biyar da rabi. Daga wurin, coci tana ƙasa hannun dama, ana hango mutane sun fara cika filin. Mararraba tana hannun hagu. Senhor Custódio ya duba agogo ya girgiza kai.

"Ba zai yiwu ba. Zuwa da hawa da saukowa, kusan awa guda ne."

Ya kama hanyar coci, Abílio ya bi shi. Ni na kasa ɗaga ƙafa. Ba taurin kai ba ne, ban san yadda ake yin sa ba.

Na ce, "Senhor Custódio, ka yi haƙuri. In ka ce in miƙa wa Abílio, zan miƙa. Amma ni ba zan iya kai shi coci ba."

Ya tsaya ya daɗe yana kallona. Kawu Serafim kuwa ya juya hagu ya fara tafiya yana kaɗa ƙararrawarsa a hankali, kamar mai kiran tumaki.

"Fada zai kashe ni," in ji Senhor Custódio, ya juyo.

A mararraba ya sake tsayawa. Ya nuna ƙasa. "Har yanzu ba na ganin komai a nan. Ni ba na hawa hanyar da ba a gayyace ni ba."

Na miƙa wa Abílio gicciye, na faɗa cikin ciyawar gefen hanya. Babu abin kirki sai wasu 'yan furanni rawaya masu ƙaya, da ganyen daji. Na yi ta fizga da hannu, ƙaya na shiga, ina gudu gaba ina watsawa ɗaya nan ɗaya can, in dawo in fizgo wasu. Gwiwar wandon aron ta yi kore.

"Shekara hamsin ina wannan aikin," in ji Kawu Serafim yana haki, "yau na fara ganin wanda ya gayyaci kansa. Ƙara nan, rowa ta yi yawa, ko akuya ba za ta gane hanya ba."

Kusa da gidan na karɓi gicciyena. Ƙofa a rufe. Madrinha tana gefen gida da tsohuwar rigar aikinta, tana watsa wa kaji masara. Ta ji ƙararrawa tun daga ƙasa, ba yadda za a yi ba ta ji ba, amma ba ta juyo ba sai da muka tsaya.

"Su wane ne?"

"Mu ne, Goggo Ermelinda," in ji Senhor Custódio, ya cire hula. "Mun makara."

Ta kakkaɓe hannuwanta. Ba ta dubi inda nake ba. "Ai ni ce da laifi, Custódio. Da safe jiri ya kwashe ni, na ce wa yaron nan ya ce muku ku wuce. Gracinda ma ta zo ta same ni a kwance. Yanzu dai na ji sauƙi."

 Abílio ya sunkuyar da kai cikin bokitinsa. Ashe Gracinda ta faɗa mata abin da na ce, ita kuma ta ɗauka ta yafa a kanta. Da ta zage ni a gabansu, da ta jefe ni da kwanon masarar, da na fi samun wurin tsayawa.

Na ce, "Madrinha, sun sani. Na faɗa musu. Furanninki na bayar, kuma na yi miki ƙarya."

"Wa ya tambaye ka?"

"Madrinha..."

"Na ce wa ya tambaye ka? Ina magana da manya kana sa baki. Na ce jiri ya kwashe ni. Akwai wanda zai ƙaryata ni a ƙofar gidana? Serafim, kai ne?"

"Ni? Allah ya kiyaye. Ni ma tun safe jirin nake ji."

"Naka mun san maganinsa." Ta gyara tsayuwa. "Ku jira a nan. Ba a shigo mini da shi ina cikin kayan kaji ba."

Ta shiga ta rufe ƙofa. Muka tsaya. Daga ƙasa babbar ƙararrawar coci ta buga shida, ta gama, aka ɗan jima ta sake bugawa, irin bugun da ke cewa ina kuke. Senhor Custódio bai ko duba agogo ba. Muna jin motsinta a ciki, jan tebur, ƙarar faranti, buɗe akwati. Hannuwana suna zafi saboda ƙaya, ina tsoron kar jini ya taɓa farin ƙyallen.

Da ta buɗe, tana sanye da baƙar rigarta ta coci da mayafi. Ta ja baya ta tsaya a gaban teburin, ita kaɗai, a wurin da maigida ke tsayawa.

"Almasihu ya tashi," in ji Senhor Custódio. A wannan karon bai yi sauri ba.

"Halleluya, halleluya," in ji ta.

Abílio ya yayyafa ruwa. Na matsa na sunkuyar mata da gicciye, don gajeruwa ce. Ta kama hannuna ta daidaita shi, da ƙarfi, har farcenta ya shiga. Ta daɗe bakinta na kan ƙafafunsa. Ni ina kallon ƙasa. Da ta ɗago na manta ban goge ba, sai da ta ce, "Aikinka," sannan na goge.

Ta tilasta musu kowa ya ci wani abu a tsaye. Kek ɗin ya ɗan bushe a gefen da aka yanka tun safe. Kawu Serafim ya karɓi kofinsa na farko tun rana, ya ce ya warke. Ta ce masa, "In za ku sauka ka kaɗa ƙararrawar da ƙarfi tun daga nan. Ka tsaya a ƙofar Gracinda ka ƙara."

Su uku suka fita. Ni ne na ƙarshe, don sai na karkata gicciye kafin ya wuce ƙofarta. Ta tsaya a gefe. 

"Ka ci abinci yau?" in ji ta, a hankali yadda su ba za su ji ba.

"A'a, Madrinha."

"Haka ya kamata."

Muka sauko da gudu-gudu, Kawu Serafim yana kaɗawa da hannu biyu. Daga kan tudu ina hango filin coci cike, kawuna duk sun juyo sama wajen da ƙarar ke fitowa. Fada yana tsaye a bakin ƙofa da fararen kayansa, ya harɗe hannuwa. Da muka kusa, Senhor Custódio ya rage tafiya ya koma bayana.

"Kai za ka yi masa bayani," in ji shi.

Na ce to. Mutane suka buɗe mana hanya, na shiga tsakiyarsu.